Kamu Ɗaya a Tsakar Gidan Ubanta

Katangar da ta raba gidanmu da na marigayi Alhaji Salihu ba ta wuce ƙirjina ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Wanda yake ganin ƙari nake yi ya zo hillarmu, wato ƙauyenmu, nan kudu da Sinnar a bakin kogin da muke ce wa bahar, ya tambayi duk wanda ya ga dama. Ni Sakinatu ban iya ganin zalunci in haɗiye ba. Maigidana ya yi faɗa har ya gaji, ya bar ni da bakina.

Nasiba ɗiyar gidan ce, malama a makarantar 'yan mata, kowa Ustaza yake ce mata. Aurenta ya mutu babu haihuwa, ta dawo gidan ubanta tana zaune da tsohuwarta Hajja Dije da yayanta Izzuddeen da iyalinsa. Sukarin gidan, man miya, kuɗin wuta, maganin hawan jinin Hajja, duk daga albashinta suke fita, wannan ko Izzuddeen bai taɓa musu ba. Abu guda na san ta taɓa saya wa ranta, shi ne minzar, madubin nan na hangen wata da taurari, wani farin bututu da ta samo a kasuwar gwanjo ta Sinnar. Yana tsaye a kan ƙafafu uku sirara kamar na zalɓe, ɗaya ma a karye take an ɗaure ta da robar taya.

Wata rana da aka idar da sallar magariba ta leƙo ta kan katanga.

"Sakina, bar tukunyar ga ki zo ki ga wani abu."

Na zagaya na same ta a lungun bayan madafa, jikin katangarmu. Nan ne kaɗai sama take a buɗe a gidan, don gabas darbejiya ta rufe, tsakiya kuma rumfar da suke shan iska ce. Wata ya kai rabi, yana tsaye tun hasken yamma bai gama ɗaukewa ba. Ta ce in rufe ido ɗaya in kara ɗayan. Wayyo Allah! Ashe abin nan da muke gani sumul kamar faranti duk ramuka ne, manya da ƙanana, wasu a cikin wasu, kowane da inuwarsa. Na yi salati da ƙarfi har Hajja ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambaya ko kunama ce.

Nasiba ta yi dariya, ta ɗaure wayarta a bakin madubin da wani ɗan katako da ta sassaƙa da kanta. Tana shirin dannawa iska ta ɗan kaɗa, yaran Izzuddeen kuma suka sheƙo a guje, bututun ya hau rawa. Hoton da ya fito kamar nono ya zube a ƙasa. Ta sake, ta kuma sakewa, duk kanwar ja ce.

"Kullum haka," ta ce. "Motsin da ke ba ki ko ganin shi, a cikin madubin korar watan yake yi gaba ɗaya."

Sai ta zauna a kan turmi ta gaya mini abin da ba ta riga ta gaya wa kowa ba. Ta je wurin likitan ido a Madani.

"Ya ce baƙin ruwa ne. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Daga gefe yake ci, yana matsowa tsakiya. Yanzu haka ke da kike tsaye a haguna, sai na juyo nake ganin ki."

Na ce Allah mai iko ne, likita ba Allah ba ne. Ta ce haka ne.

"Amma Sakina, shekara da shekaru ina gaya wa 'yan mata akwai duwatsu da ramuka a wata, suna kallona kamar mai tatsuniya. So nake in ɗauki hoto ɗaya mai kyau da hannuna, a wanke shi babba, in rataya a aji. In idon ya tafi, a ce ga abin da Nasiba ta gani. Iyakar abin da nake so ke nan."

Maganin rawar kuwa ta san shi. A samo bututun ƙarfe mai kauri, a haƙa rami kamu ɗaya, a zuba siminti a kafa shi, sannan a ɗaura minzar a bisa. Ba a kafa shi a ƙasa zalla, don ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta tura duk abin da aka soka mata ya karkace. Ko turken jaki sai an riƙa gyara masa zama.

Ba a rana ɗaya ta haɗa kayan ba. Abin da ke ragowa a albashin bayan gida ya ci, maganin ido ya ci, ba ya ko isar kuɗin mota. Ta daina shiga mota zuwa makaranta, tana takawa a rana. Tob ɗinta, mayafin lafaya guda na fita unguwa, ta sayar wa dillaliya. Ta samo tsohon bututun famfon ban-ruwa a wurin masu gwangwan a garin Suki, maƙeri ya liƙa masa faranti a kai da ramukan ƙusa daidai da gindin minzar. Da kwasar adashinta ta zo ta sayi buhun siminti, aka kawo shi a amalanken jaki, ta sa aka ɗora shi kan bulo a ƙarƙashin gadonta ta lulluɓe da leda. Ranar har guɗa na yi mata, don tsokana.

Usta Almu magini ya zo wata Juma'a da hantsi, da diga da cebur. Ya auna wurin da hannunsa ya fara haƙa, ni kuma ina kan katanga ina miƙa masa shayi. Bai yi nisa ba Izzuddeen ya shigo daga hawasha, gonarsu ta bakin ruwa, ƙafafunsa duk laka.

"Usta, mi ake binnewa a gidan ga?"

"Ustaza ce ta ce a kafa mata ƙarfe."

"Da siminti?"

"Da siminti mana. Ƙasar ga ba ta riƙe komai in ba da shi ba."

"Aje digar."

Nasiba ta fito daga madafa tana goge hannu. "Yaya, ai na faɗa maka tun watan jiya, ka ce to."

"Na ce to ga ƙarfe, ban ce to ga siminti ba. Ke malama ce, kin fi ni sani. Gidan ga ba a raba shi ba. Wanda ya zuba siminti a wuri, ranar rabo wurin nashi ne. Ko kin manta gidan su Sodangi? Wurin wanka kawai 'yar'uwarsu ta yi. Da dattawa sunka zo rabo sunka ce mai gini a bar mai gininshi, ɗiyanta sunka yanke kusurwa guda har da ƙofar waje."

Wannan gaskiya ne, haka ake yi a hillarmu. Laka da kara ba hujja ba ne, siminti kuwa hujja ne. Amma jama'a, wa ya gina ɗaki biyu da jan bulo da siminti a gefen da ya fi ko'ina iska a gidan nan, tun ƙasar kabarin Alhaji ba ta kwanta ba? Izzuddeen ne. Wa ya tambaya? Babu. Shi namiji ne, mazaunin gida, nasa ginin gyara ne.

"Yaya," Nasiba ta ce, "ni da ba ni da ɗa ba ni da jika, wa zai yanke maka kusurwa?"

"Gobe ki yi aure, wani ƙato ya zo ya ce nan na matata ne. Rigakafi ya fi magani."

"Kamu ɗaya ne fa."

"Da kamu ɗaya ake farawa."

A nan ne ta gaya masa maganar likita, a gaban magini, a gabana. Na ɗauka zai ji kunya. Ya shafa gemu, ya ce la haula, Allah ya ba ta lafiya. Sannan ya ce to ai wannan ma dalili ne, mai ciwon ido ba ta ƙura wa haske ido, shi tausayinta yake ji. Ya sa Usta Almu ya mayar da ƙasar, shi kuma ya bi ya tattake ta da ƙafarsa.

Da la'asar muka sami Hajja a rumfa tana dakan gahawa. Nasiba ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ki sa baki."

"Mi za ki yi da siminti, ɗiyata? Ni da nike uwarshi, ko ƙusa ban kafawa a gidan ga sai ya sani. In na ɓata mai rai, wa zai ɗauki gawata? Ki yi haƙuri. Wata ai ba gudu zai yi ba."

"Ba shi zai gudu ba, Inna. Idona ne."

Hajja ta ja gefen mayafi ta share hawaye. Kuka ta yi na gaskiya, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma da ta gama sai ta ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, ta ci gaba da dakanta.

Suna da ƙane, Bilyamin, yana aiki a Jidda. Nasiba ta kira shi. Ya ce shi ba ya son a ce daga nesa ya raba kan 'yan'uwa, a bari ya zo hutu a zauna a yi magana. Mutumin da rabonsa da hutu tun kafin a yaye autan Izzuddeen!

Kada wani ya ce me ya hana ta kafa a wani wuri. Na yi mata tayin gidanmu, to mu ma gidan gado ne, ga itatuwan lemo na surukina sun rufe sama, maigidana kuma ya ce kada in jawo masa gaba da maƙwabci. Makaranta ba ta da katanga, ƙarfe ba ya kwana a can ɓarayin gwangwan ba su tumɓuke ba. Kuma Izzuddeen ya ce mace daga gidansa ba ta fita da almuru ɗauke da bututu kamar mai gyaran famfo.

Sai muka yi dabara. Akwai wani rabin barmil, tsohuwar gangar mai, da ke yashe a bayan gidansu yana tsatsa. Muka mirgino shi lungun, muka tsayar da bututun a ciki, muka riƙa ɗauko yashi da tsakuwa daga bakin bahar a bokiti, mu biyu, mata da furfura ta fara leƙo wa. Ba a haƙa ƙasa ba, ba a taɓa siminti ba, balle a ce hujja. Da wata ya sake kaiwa rabi ta gwada. Rawar ta ragu. Hoton bai fita tas ba, amma in ka ƙura ido kana ganin ramukan dishi-dishi. Ta ce saura kaɗan, in muka ƙara duwatsu muka danne, wata mai zuwa sai an dace. Rabon da in ga haƙoranta a waje haka har na manta.

Kafin watan ya zagayo, ta dawo daga makaranta ta tarar da yashin a zube, bututun a kwance, babu barmil. Izzuddeen ya kai shi hawasha maruƙansa su riƙa shan ruwa.

"Barmil ɗin Baba ne," ya ce mata, "kayan gado ne, ba naki ke kaɗai ba. Dabba mai rai tana jin ƙishirwa, ke kina wasan yara da shi? Ki ji tsoron Allah, Nasiba."

Ita ce za ta ji tsoron Allah! Wallahi ranar da ba don maigidana ya riƙe ni ba, da na haura katangar nan.

Damina ta faɗi. Sama ta rufe, kullum hadari, in ma an ga wata sai ta tsakanin gajimare, ya leƙo ya koma. Ɗakin Nasiba na laka ne, danshi ya taso ta ƙasa ya bi bulo ya shiga buhun. Da ruwa ya ɗauke ta jawo shi don ta shanya, ta ji shi ƙam. Ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara. Simintin ya zama dutse a cikin buhunsa. Ta zauna a ƙasa ta dafa shi da hannu biyu, ni ce na yi kukan. Daga baya matar Izzuddeen ta sa aka jawo shi ƙofar madafa suna takawa saboda taɓo.

Idon kuwa bai jira kowa ba. Ta fara tuntuɓe da buta. Ta gwara goshi da ginshiƙin rumfa har ya kumbura. In an miƙo mata kofi ta gefe ba ta gani, sai a ce girman kai ne. A aji ta fara rubutu a kan rubutun da ta riga ta yi a allo, 'yan matan suka yi tsit, babu wadda ta iya gaya mata, har wata ta fashe da kuka, a nan ta gane. Ba a daɗe ba aka ce ta zauna gida ta huta. Abin da ke shigowa ya ragu, sukari ya ragu a shayin gidan, sai ga Izzuddeen yana cewa da kuɗin da ta zubar a kan ƙarfe da siminti magani ta saya, da ba a kai haka ba. Alhali ko sau ɗaya ba ta fasa ɗiga maganin ba, ni ce shaida, ni nake ɗiga mata.

Idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya rage kamar mai leƙe ta ramin kara. Ta sake samun yayanta, wannan karon bayan ya ci abinci ya ƙoshi, ta zauna nesa da tabarmarsa.

"Yaya, mu je gaban liman da dattawa. In dafa Alƙur'ani in ce wurin ga ba nawa ba ne, ba ni da haƙƙi a kanshi. In ka so ma in yafe rabona na gidan duka. Usta Almu ya ce zai ba ni ragowar siminti daga wani aiki. Ka bar ni in kafa, in na ɗauki hoton ka sa a fasa."

"Subhanallahi! In kai ki gaban liman, garin ga ya ce Izzuddeen ya sa ƙanwarshi marar lafiya rantsuwa don ya cinye gadonta? So kike ki zubar mini da mutunci? Ni ban ce ki yafe komai ba. Haƙƙinki na nan, ranar rabo a ba ki."

"Yaushe ne ranar rabon?"

"In Bilyamin ya zo."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce daga kan katanga, "Izzuddeen, wai kai wane irin mutum ne? Ta ce a ba ta, ka hana. Ta ce ta yafe, ka hana. Haƙƙin da ba ta iya kafa ƙarfe a kanshi, haƙƙin mi ne?"

Ya ɗago ya dube ni. "Sakinatu, ki ji da gidan mijinki. Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo."

Na ce, "Ɗakinka ai ba ya yoyo, na siminti ne. Nata ke yoyo."

Ya tashi ya shige ciki. Da dare ya aiko wa maigidana cewa ya ja wa matarsa kunne.

Da sanyi ya shigo sama ta washe, muka yi gwaji na ƙarshe da tsofaffin ƙafafun nan uku. Ana idar da magariba na durƙusa na rungume su da hannuwana, na riƙe numfashi. Nasiba ta kara idon dama a madubin tana lalube. Da can kafin ka ce kwabo ta kamo wata. Ranar ta juya bututun sama, ta juya ƙasa, ta ɗago ta nemi watan da idonta a sarari, ta rasa, sai da na ce mata ga shi can bisa darbejiyar liman. Da ƙyar ta samo shi. Ta ɗaura wayar, ta danna, ta miƙo mini.

"Duba mini. Kada ki yi mini ƙarya, Sakina, don Allah."

Na duba. Hannuna ma rawa yake, ina zan iya abin da ƙarfe da siminti za su yi?

"Bai fito ba."

Ta ce to. Ta kwance minzar ɗin, ta naɗe shi a tsohon zane, ta shiga da shi ɗaki tana bin bango da hannu.

Kafin zafi ya dawo, abin da ya rage mata shi ne ta bambance rana da inuwa. Takan zauna a bakin ƙofarta tana tsince wake da yatsu. 'Yan matan ajinta sukan zo gaishe ta, ta riƙa gane su da murya.

Ran nan da safe ina shara na ji ƙarar diga a lungun. Na leƙa. Usta Almu ne, kansa a sunkuye, yana haƙa daidai inda aka hana shi. Ga sabon buhun siminti a jingine, ga yashi, ga bututun Nasiba an kankare masa tsatsa. Kafin in yi magana na ji muryarta daga ɗaki, irin muryar da na manta tana da ita.

"Sakina! Sakina, kina ji? Yaya ya yarda!"

Ta fito da minzar a rungume cikin zanensa, ba takalmi, tana tafe tana lalube da ƙafa, fuskar nan kamar ranar sallah.

"Ba komai, ko ban gani ba ke za ki duba mini. In gaya miki yadda za ki juya, in kin kamo shi ki ɗora yatsana in danna. Ai da hannuna ne ke nan, ko? Usta, ka yi zurfi sosai, ka ji?"

Usta Almu ya ci gaba da haƙa. Izzuddeen ne ya fito daga ɗakinsa yana ɗaura agogo.

"A'a, Nasiba, mai da abin ga ɗaki kar ki faɗi. Na dish ne. Bilyamin ya aiko da dish da talabijin. Mai haɗawa ya duba gidan duka ya ce lungun ga kaɗai ke ganin sama, kuma sai an kafa da siminti, in ba haka ba hoton rawa zai riƙa yi. Na ga bututunki na kwance yana lalacewa, na ce gara a amfana da shi."

Ta tsaya cak. Ta ce, "Gadon fa, Yaya?"

"Wannan ai na gida ne duka, ba na mutum ɗaya ba. Ke ma kya kalla."

Digar Usta Almu ta tsaya. Hajja da ke bakin rumfa ta rufe fuska da mayafi. Izzuddeen kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi gyaran murya ya ce, wato ta ji labarai da wa'azi.

Nasiba ta gyara rungumar da ta yi wa minzar. Ba ta ɗaga murya ba.

"To na ji. In simintin ya bushe, kafin a ɗaura dish, ka ba ni magariba ɗaya. Wata ya kusa rabi. Farantin na nan a kai, ƙusa kawai zan ɗaura. Magariba ɗaya, Yaya, don darajar Baba."

Na rantse da Allah na ga ya yi jim. Sai ya dubi Usta Almu, ya ɗago ya dube ni a kan katanga.

"Bututun naki ne, kowa ya sani. In kika ɗora abinki a kai ko sau ɗaya, ga Usta, ga Sakinatu, shaidu biyu. Gobe a ce don ke anka kafa. Ma'alesh, Nasiba. Ba ƙin ki nike ba, fitina nike gudu."

Ya sa kai ya fita. Kafin azahar ya turo mai walda ya yanke farantin.

Yau in ka shiga hillarmu ka tambayi Izzuddeen, za a ce maka mutumin kirki ne, sahun farko a masallaci, ya riƙe uwarsa, ya riƙe makauniyar ƙanwarsa bai kai ta ko'ina ba. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai ci gadonta ba, ga shi nan yana ajiye mata. Wace kotu za ka kai wannan? Me za ka ce ya yi? Mace ta ciyar da gida har idonta ya ƙare, ta roƙi wurin da bai fi gindin tulu ba a gidan da aka binne cibiyarta, aka ce fitina ce. Irin su Nasiba suna nan gida-gida a garuruwanmu, kowace da rabonta a baki, babu wadda ta isa ta taka shi da ƙarfi. Ni dai na ce Allah ya isa, a gabansa na faɗa, kuma har gobe ban janye ba.

Ranar da aka kunna talabijin ɗin rabin unguwa ya taru a rumfarsu bayan magariba. Hoto tas, ko gezau, yara suna ta ihu. Ban shiga ba. Na leƙa lungun na gan ta tsaye ita kaɗai a ƙarƙashin dish ɗin, ta kama bututun da hannu biyu tana jijjigawa da iyakar ƙarfinta. Na zagaya na je.

"Sakina ce?"

"Ni ce."

"Kama ki ji. Ko kaɗan ba ya motsi. Da ya fito, wallahi da ya fito."

Na kama. Ba ya motsi.

"Akwai wata?"

"Akwai."

"Yana ina?"

Na riƙe haɓarta na ɗaga fuskarta na saita ta da shi. Ta buɗe idanun nan duka biyu, ta daɗe a haka, hasken yana kwance a kan fuskarta. Sannan ta ce, "Kin tabbata nan ne?"